Filin Gwaggo: Maɓalli Ɗaya Tsakanin Sikeli da Littafi

 Kaka ta yi, riɗi da zoɓo sun fara shigowa gari, shi ya sa wasiƙun wannan mako suka karkata wajen awo. Uku na zaɓo, duka daga cikin badalar Kano, duka kuma a kan sikelin zamani da ake jona wa kwamfuta. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Kawu ya fara yi mini kallon ɓarawo

Gwaggo, ina gaisuwa. Shekarata 24, ni ke riƙe wa kawuna lissafi a sitonsa da ke wajen Ƙofar Mazugal. Muna sayen zoɓo da riɗi a hannun masu kawowa daga ƙauye, mu tara, mu kai wa manyan dillalai a Dawanau. Bara ya sayo sikelin lantarki mai waya da ake jonawa a kwamfuta. Nauyi yana fitowa a wata manhaja, amma sai na kama linzami na laluɓo wurin dannawa, sannan na koma Excel. In layi ya yi tsawo 'yan dako suka fara mita, sai na rabu da manhajar, na riƙa kallon lamba ina bugawa da hannu. Makon jiya da aka kai kaya aka sake aunawa, sai ga giɓi mai yawa. Kawu bai ce na ci ba, amma ya karɓe makullin sito, kuma magana ta kai kunnen mahaifiyata. An ce mini ana saita maɓalli ɗaya ya yi duk aikin. Yaya ake yi, kuma yaya zan wanke kaina?

Ɗanki, daga Ƙofar Mazugal

Ɗana, kwantar da hankalinka. Tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce. Muddin lamba sai ta bi ta idonka da yatsanka kafin ta shiga littafi, duk giɓin da aka samu kai za a kalla. Mai buga 68 cikin hayaniya yana iya buga 86 bai sani ba, kuma ba shi da shaidar cewa ba da gangan ya yi ba. Ranar da lamba ta fara tashi daga sikeli ta faɗa layinta ba tare da hannunka ba, ranar ka fita daga bakin mutane. Saurin aiki riba ce ta biyu.

Tunda nauyi yana bayyana a manhaja, waya ba ta da matsala. Kafar nan mai tsinke tara da ke bayan kan sikelin sunanta RS-232. Tun farkon shekarun 1960 ake amfani da tsarinta, kuma har yau masu ƙera sikeli da injinan gwajin asibiti ba su rabu da ita ba saboda sauƙinta. Abin da ya rage ka gano shi ne yadda sikelinku yake ba da lamba. Hali uku gare su. Wani zuba yake yi ba ƙaƙƙautawa, da kaya ko babu. Wani sai an danna maɓallin bugawa da ke jikinsa. Wani kuma sai kwamfuta ta tambaye shi. Ɗan littafin da ya zo cikin kwali zai faɗa maka, kuma yawanci ana iya sauya sikeli daga wannan hali zuwa wancan. In littafin ya ɓace, karanta lambar samfurin a jikin kan sikelin, ka nemo shi a intanet.

In mai jiran tambaya ne, tambayar harafi ɗaya ce ko biyu. A sikelin Ohaus, P na nufin turo nauyi, T cire nauyin mazubi, Z koma sifili. A na Mettler Toledo, S na nufin turo nauyi bayan ya tsaya cak, SI kuma turo shi yanzu ko da yana rawa. A na A&D, Q ce ta yanzu, S ta bayan tsayawa. A ƙarshen harafin ana ƙara alamar ƙarshen layi, wadda manhajoji ke rubutawa CR LF. In ka manta da ita, sikeli zai yi biris da kai. Aikin maɓallin da kake nema ke nan gaba ɗaya: ka danna, manhaja ta aika harafin, sikeli ya amsa, lamba ta sauka a inda ɗan tsinken rubutu ke ƙiftawa.

Kullum ka zaɓi umarnin da ke jiran tsayawa. In ɗan dako ya jefa buhu, lamba takan hau ta sauka kafin ta zauna. In ka kama ta a sama kun cuci kanku, in ka kama ta a ƙasa kun cuci manomi. Sikeli da yawa suna sa ST a gaban lambar da ta tsaya, US a gaban wadda ke rawa. In naku mai zuba ne, saita manhajar ta watsar da duk layin da ya fara da US, maɓallin ya ɗauki na ƙarshe mai ST.

Yanzu ka buɗe saitin manhajarku ka duba ko akwai inda aka rubuta Hot Keys. WinWedge, wadda da kuɗi ake sayenta, tana da shi. In taku ba ta da shi, akwai AutoHotkey, kyauta ce. Da 'yan layuka kaɗan za ta ɗago tagar manhajar, ta danna abin da kake dannawa da linzami, ta maido ka Excel kafin ka ƙifta ido. A rubutunta, alamar ^ ita ce Ctrl, ! ita ce Alt, + ita ce Shift. Duk wadda ka ɗauka, ka tabbatar maɓallin yana aiki ko da manhajar sikelin tana ɓoye a baya, domin kai Excel ne a gabanka.

Wajen zaɓen maɓalli aka fi yin ɓarna. Kusan duk na jeren sama suna da aiki a Excel: F1 taimako yake buɗewa, F2 gyaran abin da ke cikin akwati, F11 ya ƙirƙiro maka sabon shafin zane, F12 ajiya da sabon suna. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in wata safiya na manta ban kunna manhajar ba na danna wannan, me zai faru? F9 sake lissafi kawai yake yi, ba ya ɓata komai, don haka shi za ka ba ɗaukar nauyi. Cire nauyin buhu da komawa sifili kuwa, sa su a haɗin yatsa uku, misali Ctrl da Alt da M na mazubi, Ctrl da Alt da S na sifili, don kada gwiwar hannu ta danna su bisa tsautsayi. Kada ka kusanci Z, domin in yatsa ya zame ya zama Ctrl da Z, abin da ka shigar na ƙarshe ya tafi. Kada ka kusanci F4, domin Alt da F4 rufe taga ne. In kana rubuta Hausa mai ƙugiya a kwamfutar, ka ƙyale B da D da K, saboda wasu tsare-tsaren kibod da Alt na dama suke fitar da irin waɗannan haruffa, kuma Windows tana ɗaukar wannan Alt tamkar Ctrl da Alt a haɗe. Maɓallai uku sun isa. Rubuta su a takarda ka manna a bango.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai wanke ka: sa manhajar ta haɗa kowace lamba da kwanan wata da lokaci, ta kuma riƙa ajiye kwafi a wani fayil daban wanda ba ka taɓawa. Ko an ɗauke wuta, abin da ta riga ta rubuta yana nan.

Sai maganar kawu. Kada ka tura mahaifiyarka, kada ka jefa ta tsakanin ɗanta da ɗan uwanta. Ka same shi da kanka bayan la'asar, ka roƙe shi ya zauna a auna buhu goma a gabansa, idonsa a kan sikeli da fuskar kwamfuta. Gani ya kori ji. Ka ce daga yau kowace yamma fayil ɗin zai shiga wayarsa kafin a rufe sito. Giɓin da ya wuce kuwa, akwai abubuwa uku da ya kamata a bincika kafin a nuna mutum da yatsa: kuskuren bugu, saɓanin sikelinku da na masu saye, da bushewa. Zoɓon da aka saya da sauran danshi yakan rage nauyi a sito, balle in hunturu ya kaɗa. Ku ware buhu biyar, ku rubuta nauyinsu, ku sake aunawa bayan mako guda. Ku kuma samo dutsen awo na kilo 20, ku ɗora a tsakiyar sikeli da kusurwoyinsa huɗu, ku ga ko bakinsa ɗaya. In ya saɓa, Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne doka ta ɗora wa tantance sikelin kasuwanci. Makulli kuwa, kada ka tambaya. Bar shi ya miƙo da kansa.

Lambobin gwal sun faɗa wayar wanda zan aura

Gwaggo, kunya ta hana ni barci. Ni ke riƙe wa yayana lissafin shagonsa na gwal. Ƙaramin sikelinmu a jone yake da kwamfuta, in na danna maɓalli nauyi ya shiga Excel da kansa. Ranar Laraba wata hajiya ta kawo sarƙoƙi da awarwaro za ta sayar. Ina ɗorawa ina dannawa, idona na kan sikeli, ashe WhatsApp ne a buɗe a kwamfutar, a kan hirarmu da wanda zan aura. Saƙo bakwai suka tafi masa, kowanne da giram ɗinsa. Bai tambaye ni ba, sai ya nuna wa yayyensa mata. Yanzu magana ta zagaya dangi wai na aika da jerin gwal ɗin da nake so a lefe. Saura wata biyu biki.

'Yarki, daga Mandawari

'Yata, na yi dariya, sannan na tausaya miki. Manhajar ba ta yi laifi ba, abin da aka sa ta shi ta yi. Irinta shigar kibod take yi: ta buga lamba kamar yatsa ne ya buga, a duk tagar da ta tarar a gaba, sannan ta danna Enter. A Excel, Enter sauka layi ne. A WhatsApp na kwamfuta, aikawa ne.

Gyara uku za ki yi. Na farko, ɗaure ta da Excel. Da yawa daga cikin manhajojin nan suna da wurin rubuta sunan tagar da za a kai lamba, ta yadda ko mene ne a buɗe, can za ta tafi. In AutoHotkey kike amfani da ita, sharaɗin WinActive ne ke hana maɓalli aiki sai Excel na gaba. Na biyu, a inda aka saita Enter bayan lamba, musanya shi da kibiyar ƙasa. A Excel aikinsu ɗaya, lamba ta zauna a sauka layi, amma kibiya ba ta aika saƙo. Na uku ba sai da saiti ba: hira a waya, aiki a kwamfuta. Kuma duk sanda kika ɗora kaya na farko, ɗaga ido ki ga inda lamba ta sauka kafin ki ɗora na biyu. Tunda gwal ne, ki riƙa rufe murfin sikelin ko ki kashe fanka, domin sikelin da ke karanta 0.01 na giram iska ma tana motsa shi.

Akwai abin da ba ki ambata ba, shi kuwa ya fi kunyar nauyi. Lambobin nan ba naki ba ne, na hajiya ne. Mace ba ta cika fito da gwal ɗinta kasuwa ba sai buƙata ta matsa, kuma ba ta so a sani. Allah ya rufa asiri sunanta bai fita ba. Ki faɗa wa yayanki abin da ya faru kafin ya ji a waje, kuma wajen wanke kanki kada ki nuna wa kowa shafin cinikinta.

Maganar lefe ta mata ce, mata ke kashe ta. Yayarki ko gwaggonki ta kira babbar yayarsa, ta yi mata bayani cikin raha. Hujja tana cikin saƙonnin kansu: bakwai a jere cikin 'yan mintuna, ba sallama, ba gaisuwa, ba ko kalma ɗaya. Wace budurwa ce ke neman lefe haka? Shi kuwa, ki gaya masa sau ɗaya, cikin sanyin murya, cewa in ya ga abin da ya ɗaure masa kai daga gare ki, ke zai fara tambaya. Ki lura da yadda ya karɓi maganar. Wannan ya fi abin da ke cikin akwati muhimmanci a zaman da za ku yi.

Yaro ya ce maɓalli ya karɓe aikina

Hajiya, bayan gaisuwa. Jikana ne ya rubuta mini wannan. Fiye da shekara 30 nake kan sikeli a wajen sayen tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa, tun maigidan yana raye. Yanzu ɗansa ya gaji wurin, ya kawo sikelin lantarki da kwamfuta. Ya faɗa a gaban yara wai aikin da nake yi, yanzu maɓalli ɗaya ke yinsa. Bai sallame ni ba, amma zaman baƙo nake yi. Idona ya yi rauni, boko ban yi nisa ba, lamba dai na sani. In haƙura in koma gida?

Dattijo, daga unguwar Dala

Malam, Allah ya ƙara girma da lafiya. Yaron ya yi rashin ladabi, ya kuma yi kuskuren lissafi. Abin da maɓalli ya karɓa daga hannunku shi ne karanta lamba da rubuta ta, ba ƙari. Sikeli bai san jan ƙarfe na gaske da wanda aka yi wa shafe ba. Bai san bututun da aka ɗura wa yashi aka toshe bakinsa ba. Bai san wayar da aka yanko daga turken lantarki da daddare ba, ko murfin kwalbatin da aka tumɓuke a titi, waɗanda ke jawo 'yan sanda har ƙofar shago. Duk abin da aka ɗora masa nauyinsa zai faɗa, kwamfuta kuma ta rubuta shi tsaf, har da ha'incin.

Ba yau awo ya fara sauyawa a garin nan ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, da mudu da ido da sanin kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suka zo da sikelinsu da malaman sikelinsu. Waɗanda suka ci moriyar wannan zamani, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, su ne waɗanda suka riga suka san kaya da mutane, suka kuma yarda suka koyi sabon ma'auni. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ba a sallami mai rawa ba.

Koyon kuwa ba ya neman boko. Ga abin da jikanku zai shirya. Ana sayar da ƙaramin kibod na lambobi zalla, mai wayar USB. A saita 1 ta zama baƙin ƙarfe, 2 alminiyam, 3 jan ƙarfe, a manna wa kowanne takarda mai launi daban. Akwai kuma fedal na ƙafa da ake jonawa haka nan, a saita shi ya zama maɓallin ɗaukar nauyi. Ku duba kaya, ku danna irinsa, ku taka fedal, shi ke nan. Kun ga hukuncin irin ƙarfe, wanda a kansa kuɗi yake, yana nan a hannunku. Don ido kuwa, maɓallin Windows da alamar tarawa in an haɗa su suna ƙara girman abin da ke fuskar kwamfuta. A yi darasin a gida bayan isha'i, ba a gaban yaran shago ba. Mako guda ya isa.

Bayan nan ku samu ɗaya daga cikin abokan marigayin, dattijon da yaron ke jin nauyinsa, ya zaunar da shi. Ya tuna masa cewa gargaɗin Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye awo mutum aka yi wa, ba inji ba, kuma mai shagon ƙarafa yana buƙatar wanda ya amince da idonsa da tsoron Allahnsa a gaban sikeli. Kada ku koma gida saboda magana ɗaya. In ranar hutawa ta zo, ku tafi da kanku, da haƙƙinku a hannu.

Gajerun amsoshi

Ga mai shago a Ƙofar Wambai da maɓallinsa ya daina aiki bayan an share tebur: an mayar da wayar wani ramin USB ne, Windows ta ba ta sabuwar lambar COM. Danna Windows da X, sannan M, ka duba ƙarƙashin Ports, ka sa lambar da ka gani a manhajar. Adafta mai CH340 ko Prolific takan sauya lamba in an sauya rami, mai FTDI yawanci takan riƙe tata. Ɗiga wa ramin jan farce don kada a sake. In kuwa manhajar ta ce an hana ta shiga, wata manhaja ce ke riƙe da kafar, domin guda ɗaya tak ke iya riƙe ta a lokaci guda. Rufe waccan.

Ga ɗaliba a Gwale da ke ganin tarkacen alamomi maimakon lamba: saurin sikeli da na manhaja bai zo ɗaya ba. Fara da 9600, 8, N, 1, shi aka fi amfani da shi. In bai yi ba, gwada 4800 da 2400, ko 7 da E a madadin 8 da N. In babu abin da ke fitowa sam, zargi waya. Wani sikeli yana son wadda aka gicciya tsinke na 2 da na 3, na 5 kuma dole ya haɗu a ɓangarorin biyu. Kada tsawonta ya wuce mita 15.

Ga ɗana a Yakasai da F9 ɗinsa ke yin wani aiki daban: halin kwamfutar tafi-da-gidanka ne, an ba jeren sama aikin sauti da haske. Riƙe Fn kafin ka danna. A da yawa daga cikinsu, Fn da Esc suna juya jeren gaba ɗaya, ka huta.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mai tambaya a kan sikeli ya riƙa rubuto sunan kamfani da lambar samfurin, domin kowane sikeli da harafinsa.

Taku, Gwaggo